Windows 7 ta ƙi karɓar lambar lasisi a tsohuwar laftof bayan an sauya rumbun ajiya

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana. Laftof ce ƙirar 2011, Core i3, RAM giga 4, ta zo da Windows 7 tun daga kamfani. Rumbun ajiyarta ya fara ƙara, aka cire shi aka saka sabon rumbu irin SSD, aka ɗora Windows 7 sabuwa daga fulash. Kafin a cire tsohon rumbun an yi amfani da manhajar nan da ke zaƙulo lambar lasisi, an kwafe lambar tsaf, babu kuskure. Yanzu in an shigar da lambar sai ta fito da 0xC004F050. In an danna a yi rajistar lasisi (activation) ta intanet kuma sai 0x80072F8F. Bangon allo ya koma baƙi, kuma a ƙasa ta hannun dama tana rubuta cewa wannan Windows ba ta asali ba ce. Ina matsalar take?

Mai Sukundireba:
Wa alaikumus salam Malam. Ciwo biyu ne ka haɗa wuri ɗaya, kowanne da maganinsa. Mu fara da mai sauƙin.

0x80072F8F kusan kullum maganar agogo ce. Kafin Windows ta yi magana da sabar Microsoft sai ta duba takardar shaidar sabar, kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogon kwamfutarka yana 2011, a wurinta takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta yanke hulɗar. Duba kwanan wata da shekara a ƙasan allo. Sannan ka kashe ta, ka zare caja, ka cire babban batir, ka bar ta minti goma, ka mayar ka kunna ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Faɗa mana shekarar da ka gani.

Baban Khalil:
Lallai kuwa. 1 ga Janairu 2011 take nunawa, ƙarfe 12 na dare. Babban batirin dama ya daɗe da mutuwa, da caja kaɗai take aiki.

Mai Sukundireba:
To shi ke nan, ƙaramin batirin CMOS ya mutu. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Yawanci CR2032 ne, mai bolt 3. A laftof sau da yawa yana naɗe cikin baƙar roba ko rawaya da wayoyi biyu, ja da baƙi, da ɗan soket a baki. Auna shi da mita: sabo yakan haura bolt 3 kaɗan, in ka ga ya sauko wajen 2.5 ko ƙasa, canja shi. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ka sayi mai soket irin naka, kuma ka duba jan waya da baƙin suna gefen da suke a tsohon, don ba duka kamfanoni ke jera su iri ɗaya ba. Na biyu, wasu laftof ɗin ML1220 suke amfani da shi, wanda ake cajawa. Kada ka saka CR2032 a gurbinsa, domin babban allon lantarkin da ke cikin laftof (motherboard) zai riƙa tura masa wuta alhali ba a yi shi don caji ba. Karanta rubutun da ke jikin tsohon kafin komai.

Kada kuma a ɗora ƙarfen solda kai tsaye a jikin batirin lithium don haɗa wayoyi. Zafi na iya fasa shi.

Ɗan Gajeren Hanya:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Buɗe Command Prompt da ikon admin, rubuta slmgr /rearm, sake kunna ta, baƙin bango ya tafi. An gama.

Hajiya Injiniya:
Ba a gama ba, ɗan'uwa. Abin da rearm ke yi shi ne mayar da wa'adin gwaji na kwana 30 zuwa farko, kuma sau 3 kacal Windows 7 ta yarda a yi. Ka haɗa da kwana 30 na farko, kwana 120 ke nan, daga nan ka dawo inda ka taso. Yana da amfaninsa in kana jiran batir ko faifai ya iso, amma mutumin da ke da lasisi na halal manne a ƙasan kwamfutarsa bai kamata ya zauna a kan aro ba. Kuma da agogon da ke komawa 2011 duk lokacin da aka zare caja, lissafin kwanakin ma rikicewa zai yi.

Baban Khalil, ɗaya lambar kuskuren, 0xC004F050, ce ta fi ɗaukar hankalina. Yi mana abu uku.

Rubuta slmgr /dlv a Command Prompt, ka jira ƙaramin akwati ya fito. Ka kwafo mana layin farko mai sunan nau'in Windows, da layin bayanin da ke ƙarewa da kalmar channel, da haruffa biyar na ƙarshen lamba. Sannan ka kife laftof ɗin ka karanta sunan Windows da ke jikin sitikar. In ba ka ga sitika a ƙasa ba, duba cikin ramin babban batir, wasu kamfanonin can suke liƙa ta. Na uku, gwada haruffa biyar na ƙarshen lambar da manhaja ta zaƙulo da biyar na ƙarshen ta sitika. Iri ɗaya ne?

Don Allah kada ka turo hoton sitikar nan, kuma kada ka rubuta lambar gaba ɗaya.

Baban Khalil:
Akwatin ya ce Ultimate, RETAIL channel. Sitika kuma ta ce Windows 7 Home Premium OA. Haruffa biyar na ƙarshe ba su yi kama ba ko kaɗan. Ke nan manhajar ƙarya ta yi?

Hajiya Injiniya:
Ba ƙarya ta yi ba. Gaskiya ta faɗa maka, sai dai gaskiyar da ba za ta amfane ka kai tsaye ba. Bari in warware.

Da farko, 0xC004F050 ta bayyana kanta: an ɗora Ultimate, lasisinka na Home Premium ne. Lambar kowane nau'i nata ne ita kaɗai. Lambar Home Premium ba ta buɗe Ultimate, ba ta buɗe Professional, ba ta buɗe Home Basic. Abin da ba ta damu da shi ba shi ne 32-bit ko 64-bit, duk ɗaya ne a wurinta, haka ma da babbar sabuntawar SP1 ko babu.

Sai batun lambobi biyu. Manyan kamfanoni ba sa zama su shigar da lamba ɗaya-ɗaya a dubban kwamfutoci a masana'anta. Tsarin da ake kira SLP suke amfani da shi, kuma ƙafa uku gare shi kamar murhu:

1. Wani teburi a cikin BIOS mai suna SLIC. Na Windows 7 shi ne 2.1, na Vista 2.0.
2. Takardar shaidar kamfanin, fayil ne mai ƙarewa da .xrm-ms, wadda dole ta dace da teburin.
3. Lamba ta bai-ɗaya, wadda duk kwamfutocin kamfanin masu wannan nau'in Windows suke tarayya a kanta.

In ukun sun haɗu, Windows ta yi wa kanta rajista ba tare da intanet ba, ba tare da waya ba. Lambar da manhajarka ta zaƙulo ita ce ta ukun. Sabar Microsoft ba ta yi wa wannan lamba rajista ta intanet, domin da za ta yi, da kowa ya kwafa. Ta jikin sitika kuwa taka ce kai kaɗai, kuma mai yiwuwa ba a taɓa amfani da ita ba ko sau ɗaya tun da aka ƙera kwamfutar. An liƙa ta ne daidai don irin ranar nan.

Malam Na-Allo:
Bayanin Hajiya ya yi. Ƙarin da zan yi: babu hanyar da Windows 7 ta tanada ta saukowa daga Ultimate zuwa Home Premium ba tare da sabuwar ɗorawa ba. Anytime Upgrade sama kawai take hawa. Akwai masu taɓa rajistar tsarin, wato Registry, ma'ajiyar saitin Windows, su yaudari manhajar ɗorawa, amma tunda SSD ɗin sabo ne kuma babu abin kirki a kai tukuna, aikin banza ne. A goge a sake.

Ga dabarar faifai. Faifan Windows 7 na asali yana ɗauke da nau'o'in duka a ciki, wani ɗan fayil ne kawai ke ɓoye su. Buɗe fulash ɗin, shiga jakar sources, nemo ei.cfg, goge shi. Da ka tayar da kwamfuta daga fulash ɗin za ta jero maka: Home Basic, Home Premium, Professional, Ultimate, da Starter in 32-bit ne. Faifan Enterprise ne kawai ba ya cikin wannan lissafi. Wannan ba kutse ba ne, ba ka taɓa lasisi ba, zaɓi kawai ka buɗe.

Abubuwan da ke tuntuɓar da mutane a wannan mataki:

Saka fulash ɗin a ramin USB 2.0, ba mai shuɗin harshe ba. Faifan Windows 7 ba shi da direban USB 3.0, shi ya sa yake tsayawa a tsakiya yana cewa ya rasa direban CD ko DVD, alhali ba DVD ba ne matsalar.

Saita agogon BIOS daidai kafin ka fara, ba bayan ka gama ba.

Duba a BIOS cewa saitin SATA, wato mahaɗin rumbu, yana kan AHCI. Mutuwar batirin CMOS takan mayar da saitin zuwa na asali, kuma in ka ɗora a kan wani saiti ka sauya daga baya, shuɗin allo mai 0x0000007B za ka gani.

Da RAM giga 4, ɗauki 64-bit. Na 32-bit ba zai ga fiye da uku da 'yan kai ba.

In ta nemi lamba lokacin ɗorawa, tsallake, ka cire alamar da ke cewa ta yi rajista da kanta in ta samu intanet. Ka gama saka direbobi tukuna.

Tsohon Makanike:
Ni kam ina da ja a kan fulash ɗin kansa. Daga ina aka samo shi? Yawancin faifan Ultimate da ke yawo hannu-hannu an riga an cusa musu abubuwa. In faifan ya zo da hotunan bango na daban, ko manhajoji sun ɗoru da kansu, ko ka ga wani baƙin akwati ya buɗe ya rufe a ƙarshen ɗorawa, ba na asali ba ne. Goge ei.cfg ba zai wanke shi ba. A nemi ISO, wato kwafin faifan a fayil ɗaya, mai tsabta na SP1, a gwada lambar SHA-1 ɗinsa, wadda ke tantance fayil, da wadda Microsoft ta wallafa wa wannan fayil. A Windows ana fitar da ita da certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA1. Harafi ɗaya ya bambanta, a jefar.

Kafin duk wannan ma, tsohon rumbun yana raye? Domin in yana raye akwai hanyar da ta fi duk abin da muke faɗa.

Baban Khalil:
Yana raye, Yallaɓai. Yana ƙara amma yana tashi.

Tsohon Makanike:
To faɗuwa ta zo daidai da zama. Hanya biyu ke gare ka da shi.

Ta farko: mayar da shi cikin laftof, ka ƙona faifan farfaɗowa na kamfani daga manhajarsu da ke ciki. Yakan ci DVD uku zuwa biyar, wasu kuma suna yarda da fulash. Wannan faifai yana zuwa da takardar shaida da lambar bai-ɗaya da direbobi duka. Ka ɗora a SSD, ta tashi da rajistarta, ba ka buga wa kowa waya ba. In Windows ɗin ciki ba ta tashi, ɓangaren farfaɗowa yana da makullinsa lokacin kunnawa: F11 a HP, Alt da F10 a Acer, F9 a Asus, riƙe sifili a Toshiba, ɗan maɓallin Novo a Lenovo na gida. Inda wannan hanya ke cijewa shi ne in SSD ɗin ya fi tsohon rumbun ƙanƙanta. Wasu faifan farfaɗowa sukan ƙi aiki in girman bai kai wanda suka sani ba.

Ta biyu: haɗa tsohon rumbun ta USB, ka bincika duk wani fayil mai ƙarewa da .xrm-ms a jakar OEM da ke cikin System32. Ka lura, Windows tana da nata fayilolin masu wannan ƙarshe da yawa a wasu jakunkuna, ba su kake nema ba, mai alaƙa da kamfanin kake nema, ɗan ƙarami ne, kilobayit biyu zuwa uku. Bayan ka ɗora Home Premium mai tsabta sai:

slmgr /ilc sannan hanyar fayil ɗin
slmgr /ipk sannan lambar da manhaja ta zaƙulo
sake kunnawa, sannan slmgr /dlv

In ta ce OEM_SLP channel kuma matsayin lasisi Licensed, ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta ke nan.

Rumbun da ke ƙara dai kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe. Kwashe takardunka da hotuna kafin ka tsaya neman takardar shaida.

Hajiya Injiniya:
Na yarda da Tsohon Makanike a kan wannan, da sharaɗi ɗaya: BIOS ɗin yana nan yadda yake. In an taɓa canja babban allon laftof ɗin a wurin gyara da wanda aka ciro daga wata, ko aka sake rubuta BIOS da fayil na wata ƙira, teburin SLIC na iya zama babu ko na wani kamfani ne. A nan ne ake ganin 0xC004F063, wadda ma'anarta BIOS ba shi da lasisin da ake buƙata. Mai son dubawa ya tayar da kwamfutar da fulash na Linux ya leƙa /sys/firmware/acpi/tables, zai ga ko akwai fayil mai suna SLIC. A Windows kuma manhajar RWEverything tana nuna waɗannan teburan ACPI.

Masu karantawa da ke da laftof ta zamanin Windows 8 zuwa sama, naku daban ne. Babu lamba a sitika. Tana cikin BIOS a teburin MSDM, kuma taku ce ku kaɗai. Ana ganinta da:

wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey

A laftof ta 2011 wannan umarni ba zai ba da komai ba, kada Baban Khalil ya ɓata lokaci.

Ɗan Gajeren Hanya:
Duk wannan doguwar tafiya, alhali akwai ƙaramar manhaja da danna ɗaya take gamawa.

Admin:
Ba a raba irin wannan a nan, kuma ba a saka mahaɗinta. A ci gaba da batun.

Malam Na-Allo:
Ko ba don doka ba, a fasaha ma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Abin da irin waɗannan manhajoji ke yi shi ne shiga gaban mai tayar da Windows su cusa SLIC na bogi a ƙwaƙwalwa kafin ta farka. Wato ka bai wa abin da ba ka san marubucinsa ba wuri mafi zurfi a kwamfutarka, kuma sai ka kashe rigakafin ƙwayar cuta da hannunka kafin ya yarda ya ɗoru. A kan injin da ke da SLIC na gaske a jikinsa kuma, wannan wauta ce tsantsa. Suna kuma lalata ɓangaren tayarwa har kwamfuta ta ƙi tashi.

Baban Khalil:
Ga inda aka kwana. An canja batirin CMOS, CR2032 ne mai waya, agogo ya tsaya daidai. Tsohon rumbun ya ba da takardu amma ya mutu kafin a kai ga jakar OEM. An samo ISO mai tsabta, an ɗora Home Premium 64-bit. Saura lambar sitika, amma tsugune ba ta ƙare ba: ta goge a wurare biyu. A rukuni na uku akwai harafin da ko O ne ko sifili, a rukuni na huɗu kuma ɗaya ya shafe gaba ɗaya.

Mai Sukundireba:
Wannan mai sauƙi ne fiye da yadda kake tsammani. Lambar Windows 7 haruffa 25 ce, rukuni biyar-biyar, amma daga alamomi 24 kawai ake ɗiba:

B C D F G H J K M P Q R T V W X Y 2 3 4 6 7 8 9

Babu A, E, I, O, U. Babu L, N, S, Z. Babu 0, 1, 5. Saboda haka abin da kake gani kamar O ko sifili ba ɗaya daga cikinsu ba ne: ko dai Q ce da wutsiyarta ta goge, ko D. Zaɓi biyu ke nan. Wanda ya shafe gaba ɗaya zaɓi 24 ne. Ka ninka, 48 ne mafi yawa. Kuma ba sai ka dami saba ba, domin slmgr /ipk tana tantance ingancin lambar a cikin kwamfutar kanta, ko babu intanet. Wadda ba daidai ba za ta ƙi nan take, ta daidai za ta ce an shigar.

Da a ce biyu ne suka shafe gaba ɗaya, 576 ke nan, har yanzu mai yiwuwa ne ga mai haƙuri. Uku kuwa sai a sake shawara.

Kafin ka fara gwaji, kashe fitilar ɗaki, ka haska tocilan waya daga gefe, kusan kwance da sitikar, ka ɗauki hoto daga kusurwa uku ko huɗu, ka mayar da shi baƙi da fari ka ƙara kaifin bambanci. Sau da yawa tawada ta tafi amma sawunta yana nan. Kada ka goga mata sifirit ko ruwa, ragowar ma tafiya za ta yi. Ka kuma sake duba waɗanda kake ganin ka karanta daidai: B da 8, G da 6, M da W, V da Y, su ne suka fi yaudara. In ka gwada 48 ɗin duka babu wadda ta shiga, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya ruɗe ka.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri. Q ce, ɗayan kuma hasken tocila ya nuna ƙafar K. Ta karɓa a gwaji na farko. Amma slmgr /ato ta daɗe tana juyi, sannan ta fito da 0x80072EE2.

Malam Na-Allo:
Wannan ba ƙin lamba ba ne, jira ta yi har lokaci ya ƙare ba ta samu amsa ba. Windows 7 SP1 da aka ɗora yanzu tana nan da tunanin Fabrairu 2011. Ni zan saka waɗannan da hannu, bi da bi, daga Microsoft Update Catalog ta wata kwamfutar: KB4490628, sannan KB4474419 mai koya mata sa hannun SHA-2, domin tun 2019 sabuntawar Windows da shi kaɗai ake sa musu hannu. Sai KB3140245, wadda ke bai wa WinHTTP, ɓangaren Windows mai hulɗa da sabobi, damar amfani da ƙa'idojin tsaro na TLS 1.1 da 1.2. Wannan ta ƙarshen ba ta aiki ita kaɗai, sai an ƙara ƙimar DefaultSecureProtocols a rajistar tsarin, ƙarƙashin Internet Settings\WinHttp, a ba ta 0xA00. A 64-bit a maimaita a reshen Wow6432Node.

Hajiya Injiniya:
Malam, sabuntawar nan suna da kyau kuma ya saka su, amma kada mu yi masa alkawarin su ne za su buɗe rajista. 0x80072EE2 na iya zama katangar tsaro ce a rauta, ko furoksi da aka manta a saitin Internet Explorer, ko layin ne ke rarrafe. Ya gwada netsh winhttp show proxy, ya gwada wani layin intanet daban, in da hali da kebul maimakon Wi-Fi. In sau biyu ta ƙi, ya bar ta. Ko da ta isa sabar, lambobin sitika na manyan kamfanoni sau da yawa sai an bi ta hanyar slui 4, wadda a da ake yi ta tarho, ake musu rajista. Gara ya tafi can kai tsaye.

Ga yadda ake yi. Danna makullin Windows da R, rubuta slui 4. Zaɓi ƙasa. Za ta nuna lambar shigarwa, alƙaluma 54, rukuni 9 kowanne shida. In tagar ta ƙi buɗewa, slmgr /dti tana ba da alƙaluman a jere ba tare da rabawa ba, sai ka raba su shida-shida a takarda. Wannan lamba an haɗa ta ne daga lambar lasisinka da bayanin kayan cikin kwamfutar. Za ka miƙa ta ga tsarin rajistar Microsoft, wanda yanzu yakan tura mutum zuwa shafinsu na intanet ya shigar da ita daga waya ko wata kwamfutar. In an tambaye ka kwamfuta nawa ke amfani da lasisin, ɗaya ce. Za a ba ka lambar tabbatarwa, alƙaluma 48, rukuni 8 daga A zuwa H. Ka cika akwatunan, ko ka rubuta slmgr /atp sai alƙaluman a haɗe babu tazara.

Kada ka canja lamba ko ka cire wani abu daga cikin injin tsakanin karɓar ta farkon da shigar da ta biyun. Ma'aurata ne, in ɗaya ta sauya ɗayar ba ta shiga.

Hattara kuma da lambobin tarho da ke fitowa a sakamakon bincike da sunan masu taimako. Tsarin rajista ba ya neman katin banki, ba ya neman shiga kwamfutarka daga nesa.

Tsohon Makanike:
Ga masu zuwa daga baya da wasu lambobin kuskure, kada su ɗauka maganin Baban Khalil ne nasu. 0xC004C003 sabar ce ta amsa ta ce an toshe lambar. 0xC004C008 an yi amfani da lambar fiye da adadin da aka yarda. 0x8007232B da 0xC004F074 kuwa alamar an ɗora Windows ta ma'aikatu ce mai neman sabar KMS ta ofis, wadda ke sabunta rajista kafin kwana 180 su cika. Mai ganin VOLUME_KMSCLIENT a laftof ta gida ya san faifan da aka ɗora masa ba nasa ba ne. Professional da Enterprise ne ke da wannan, Home Premium ba ta da shi.

In kuma slmgr ɗin kanta ce ke faɗuwa, ko lasisin da ke zaune lafiya ya ɓace haka kawai, a duba hidimar Software Protection tana aiki, a yi sfc /scannow, sannan a sake gina ma'ajiyar lasisi: net stop sppsvc, a sauya wa tokens.dat suna a cikin C:\Windows\ServiceProfiles\NetworkService\AppData\Roaming\Microsoft\SoftwareProtectionPlatform, net start sppsvc, slmgr /rilc, a sake kunnawa, a sake shigar da lamba. Wanda ba shi da lambarsa a hannu kada ya taɓa wannan fayil.

Mai Son Penguin:
Na yi shiru har an gama don kada a ce na zo da nawa. Amma a faɗi gaskiya: tallafin Windows 7 ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ya tsaya a 109 a kanta. Rajista tana cire baƙin bango, ba ta toshe ramin tsaro ko ɗaya. Core i3 da giga 4 da SSD za su ɗauki Linux Mint ta Xfce cikin walwala, babu lamba, babu tarho.

Malam Na-Allo:
Ba a musa maka ba, amma ya danganta da aikin injin. In akwai tsohuwar firinta ko na'urar awo ko manhajar lissafi da ba ta san kowa ba sai 7, to 7 ɗin za a bari, a raba ta da intanet. In don lilo da banki ne, maganarka ce daidai.

Wanda kuma ke shirin cewa a hau Windows 10 da lambar sitikar: wannan ƙofa Microsoft ta rufe ta a Satumba 2023, lambobin 7 da 8 ba sa yi wa sabuwar ɗorawa rajista kuma. Sai dai injin da ya riga ya taɓa hawa 10 ya samu lasisin dijital tun kafin nan. Ita kanta 10 ɗin tallafinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafin da ya fi wannan sabunta nesa ba kusa ba.

Baban Khalil:
Injin don wata tsohuwar manhaja ce da ba ta aiki a kan komai sai 7, ba za a riƙa lilo da shi ba. An bi ta slui 4, an samu alƙaluma 48, an shigar. Yanzu slmgr /dlv ta ce Licensed, slmgr /xpr kuma ta ce rajistar ta dindindin ce. Bango ya dawo. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tambaya ta ƙarshe: in an ƙara RAM zuwa giga 8 rajistar za ta warware?

Mai Sukundireba:
RAM kaɗai ba ta cika warware ta ba. Babban allo ne ke da nauyi a lissafin, kuma lasisin kamfani a ɗaure yake da injin da aka sayar da shi, ba ya ƙaura zuwa wata kwamfutar. In ka tara canji da yawa lokaci guda tana iya neman a sake, sai ka maimaita slui 4 da lambar sitikar nan.

Tunda za ka ƙara RAM, ƙara ta tukuna, ka tabbatar DDR3 ce irin ta laftof kuma ƙarfin wutarta ya dace da wadda ke ciki, ka duba /dlv har yanzu tana cewa Licensed. Daga nan ka shiga Backup and Restore ka ɗauki hoton tsarin (system image), wato kwafinsa gaba ɗaya, zuwa rumbun waje, ka ƙona faifan gyara da take tayi a ƙarshe. Ranar da SSD ya ba da matsala, mayar da hoton a wannan injin yakan dawo da Windows da rajistarta tare.

Hajiya Injiniya:
Ka rubuta lambar sitikar a takarda yanzu da ka san Q da K ɗin, tare da sunan nau'in Windows. Ita kuma sitikar ka rufe ta da farin salatif mai haske, a hankali, sau ɗaya, domin in ka ɗaga shi don gyara zama zai taso da ragowar tawadar.